Ina za a samu horon PCR na hannu da hannu, ba na majigi ba?

Malam_Dundaye:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nika nema. Ni malami ne a sashen bayoloji nan Sakkwato, PCR ɗin nan, wato dabarar ninka DNA a cikin inji har a iya gano shi, da nika zana ma ɗalibai a allo, zafin digiri 94 sai 55 sai 72, a littafi na san shi, amma hannuna bai taɓa riƙe fifet, wato na'urar ɗibar ɗan ƙanƙanin ruwa da awo, da sunan aiki ba. Yanzu ga digiri na uku ya taso, aikina kan kaskar shanu ne, in tattaro ta a Kara da mayanka in duba cututtukan da ke jikinta irin su Babesia da Anaplasma, kuma mai duba aikin nawa ya ce madubin likita kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da DNA in ana son mujalla mai daraja ta karɓa. Na je wata bita a otal, munka biya kuɗi, anka yi ta haska majigi, ga shayi ga satifiket, injin PCR kuwa hotonai kawai munka gani. To ina ake koyon abin ga da gaske? Kuma in fara tara kaskar tun yanzu ko in jira sai na koya?

Baba_na_Lab:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ba dokta ba ne, ma'aikacin ɗakin gwaji ne, gashina ya yi fari a tsakanin kwalabe. Kaska kam fara tarawa, ba ta jiran ka. Ka cire ta da hantsaki a hankali kada kan ya tsinke ya zauna a fatar saniyar, ka jefa cikin ƙaramar kwalba mai itanol kashi 70, na kowace dabba kwalbarta daban. Lamba da kwanan wata ka rubuta da fensir a ƴar takarda, domin itanol in ya taɓa rubutun biro ko maka ya wanke shi ke nan, ka ga mutum da kwali cike da kwalabe bai san wace ce ta wace saniya ba. In za ka ɗebi jini ma, kwalba mai murfi shunayya za ka sa, mai sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa, kada a ba ka mai koren murfi, sinadarin hefarin ɗin da ke ciki shina hana PCR tashi.

Batun koyo kuwa kada ka fara da injin. Injin ba ya da wuya wallahi, lambobi ne kaka danna ka rufe murfi ka tahi sallah. Fifet shi ne aikin. Ka samu sikelin ɗakin gwaji mai kyau, ka ɗebi ruwa maikurolita 100 (maikurolita dubu ke yin mililita ɗaya) ka ɗiga, ya kamata ka ga giram 0.1, ka maimaita ka maimaita har lambar ta daina rawa. Maɓallin fifet na da tsayawa biyu, ta farko da ita ake ɗiba, ta biyu ta fitar da ɗan sauran da ya maƙale a baki, wanda ya danna har ƙasa sannan ya ɗiba ya ɗebi fiye da ƙima, kuma a aikin da ake auna maikurolita ɗaya ko biyu wannan kaɗai ya isa ya ɓata komi. Ku malamai dai ku rage jin nauyin zama kusa da mu, mu ba mu ƙi a tambaye mu ba.

Dr_Maman_Ilham:
Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Abin da zan ƙara Malam, ka daina neman bita, ka nemi a liƙa ka a ɗakin gwajin da ake aiki kullum, ko da na ƴan makonni ne, ka je da samfurinka ka ɓata ka gyara a gaban wanda ya iya. Ka fara da gida, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai cibiyar CAMRET ta binciken lafiya da horarwa, ka taka da ƙafarka ka tambayi tsarinsu. Tunda aikinka na dabbobi ne akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, tun 1924 take. Akwai cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ga masu aikin tsirrai, akwai kuma cibiyar binciken ƙwayoyin halittar cututtuka ta ACEGID a Ede jihar Osun, wajen Farfesa Christian Happi, su ne sunka fara karanta jerin ƙwayar halittar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Wasiƙa daga shugaban sashe da ƴar taƙaitacciyar takardar abin da kake son yi sun fi dogon surutu a waya. Kuɗi kuma ka leƙa ofishin TETFund, asusun tallafa ma manyan makarantu, na makarantarku ka tambayi tallafin bincike na cikin gida, in ka samu ka sa kuɗin horon a cikin kasafin tun farko.

Sannan akwai rabin aikin da ba ya buƙatar safar hannu. Ran da anka aiko maka da jerin A, T, G, C, wato haruffan DNA ɗin samfurinka, a imel mi za ka yi da shi? BLAST na shafin intanet na NCBI, mai kwatanta jerinka da na wasu, kyauta ne, manhajar MEGA ta jera su da duba dangantakarsu kyauta ce, yau da dare ma kana iya sauke jerin Anaplasma da wasu sunka ɗora ka fara gwada jera su a kwamfutarka.

Ɗan_Runjin_Sambo:
Ni fa ina da ja Hajiya. Mi ya kai mutum wagga wahala, ga zafin Afrilu sama da digiri 40, ga wuta da ba ta da alƙawari, sinadaran PCR ɗin nan sai firiza mai awo 20 ƙasa da sifiri, su narke su daskare su narke har su mutu, ka sayi abu da tsadar dala ya lalace a dare ɗaya. Mutane da yawa haɗa samfurinsu suke su aika ma kamfani, a yi masu komi a turo sakamako, su rubuta su wuce. Digiri dai ake nema ko?

Dr_Maman_Ilham:
Ɗan'uwa aikawa ba laifi ba ne, karanta jerin DNA kusan kowa aikawa yake. Amma wanda bai taɓa zuba jel, wato abin da ake duba sakamakon PCR a kansa, da hannunsa ba ƙaƙa zai gane an turo mai shirme? In an ba ka hoton jel ka duba layin da aka sa ruwa zalla a madadin DNA, in ya nuna zane to aikin ya gurɓata, duk sauran layukan ba abin yarda ba ne, kuma da yawa ba su ma san su tambayi wanga layin ba. Ranar kare digiri kai za a tsare da tambaya, kamfani na can. Maganar wuta gaskiya ce, dabarar ita ce ka rarraba sinadaran a ƙananan kwalabe ranar da sunka iso, kullum ka fiddo guda ɗaya, ka cika firizar da robobin ƙanƙara don ta riƙe sanyi in an ɗauke. Akwai ma haɗin PCR busasshe da ake sayarwa wanda ba ya buƙatar firiza sai ka zuba mai ruwa. Lokacin hunturu kuma a rufe tagogi, ƙurar nan tana shiga ko'ina, kada ka bar akwatin bakunan fifet a buɗe.

Malam_Dundaye:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba ranka ya daɗe, sikelin da ke sashenmu lamba biyu kawai yake nunawa bayan ɗigo, zai yi wanga gwajin?

Baba_na_Lab:
Zai yi in ka ɗebi 1000 da babban fifet mai shuɗin baki, ka nemi giram 1.00. Na 100 da abin da ya yi ƙasa sai mai lamba huɗu, ka tambaya a sashen kemistiri, ba su rasa shi. Ka kashe fanka kafin ka auna.