Za mu mayar da katunan asibitinmu kan kwamfuta: ta ina ake farawa?

Ma'aikacin ɗakin kati, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a cikin garin Sakkwato, kuma maigidanmu ya ɗora mini alhakin sa ido kan aikin mayar da katunan marasa lafiya da lissafin magunguna kan kwamfuta. Wanda za a ba kwangilar ya ce a biya shi rabin kuɗi ya fara rubuta manhaja nan take, amma na ji an ce irin wannan aiki yana da matakansa. Waɗanne matakai ne, kuma shin ƙaramin wuri irin namu yana bukatar binsu?

Injiniya, Mabera:
Wa alaikumus salam. Malam, ku dakata da biyan kuɗin tukuna. Cibiyar ƙwararru kan tafiyar da ayyuka ta Amurka, wato PMI, wadda aka kafa a 1969, ta raba tafiyar da aiki gida biyar: ƙaddamarwa, tsarawa, aiwatarwa, sa ido, sai rufewa. Ƙaddamarwa a wurinku ba ta wuce takarda ɗaya ba, wadda za ta faɗi abin da ake so, da abin da ba ya cikin aikin, da wanda zai yanke magana idan an sami saɓani.

Inda nake so ka daɗe shi ne tsarawa. Mai gina gida yana ganin bango yana tashi, idan ya karkace zai sa a rushe tun da wuri, amma manhaja ba a ganin karkatarta sai ranar da aka zauna aiki da ita. Don haka ka zaunar da ɗan kwangilar a ɗakin kati ya ga yadda kuke bambanta masu suna iri ɗaya ta hanyar sunan uba da unguwa, ya kuma ga tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta san ranar haihuwarta ba. Idan manhajar ta ƙi buɗe kati sai an sa wannan rana, ma'aikaci zai riƙa rubuta wa kowa 1 ga Janairu, bayanan kuwa sun gurɓace ke nan tun daga ranar farko. Duk abin da aka fahimta a rubuta shi, a sa masa wa'adi da farashi, kowa ya sa hannu.

Malamar kwamfuta, Arkilla:
Injiniya ya yi gaskiya, sai dai ina gudun a ɗauka cewa sai an gama mataki ɗaya kaf ake shiga na gaba. Tun a 1970 wani masanin kwamfuta mai suna Winston Royce ya yi gargaɗi cewa jinkirta gwaji zuwa ƙarshen aiki yana da haɗari, kuma a 2001 masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka suka fitar da tsarin Agile, wanda ke fifita miƙa aiki kaɗan-kaɗan ana gyarawa. Shawarata ita ce ku fara da ɗakin kati kaɗai, idan ya zauna da gindinsa sai ku shiga kantin magani. Sa ido kuma tafiya yake yi tare da sauran matakan, wato duk mako ka ga abin da ke aiki da idonka, kada ka wadatu da jin cewa an kusa gamawa.

Ina kuma roƙonku kada ku ajiye katunan takarda ranar da aka kunna kwamfuta. A watan Oktoba na 1992 hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Landan ta fara aiki da sabuwar manhajar da ba a gama gwadawa ba, kiraye-kirayen gaggawa suka cakuɗe, motoci suka riƙa makara, har aka koma amfani da takarda. Aikinku ma ya shafi rayuka.

Ma'aikacin ɗakin kati, Runjin Sambo:
Na gode, Injiniya da Malama, Allah ya ƙara sani. To rufewar fa, ba biyan cikon kuɗi ba ne kawai?

Injiniya, Mabera:
A'a, Malam, a nan ne ma aka fi yin asara. Kafin cikon kuɗi ya fita, sai an koya wa ma'aikata aiki, an miƙa muku kalmomin sirri da ke ba da cikakken iko a kan manhajar, an kuma goge bayanan gwaji a gabanku an maido da su daga ajiya, wato kwafin da aka adana a wani wuri daban, domin ku tabbatar ajiyar tana aiki. A rubuta wanda za a kira idan abu ya lalace da abin da zai riƙa karɓa, a kuma fayyace wanda ke da izinin buɗe katin wa, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Kuɗin sola da batir da sanyaya ɗakin da na'urar za ta zauna su shiga kasafi tun farko, saboda ka san zafin Afrilu a garin nan. Shi kuwa ɗan kwangilar, ku raba masa biyan bisa matakan, duk matakin da ya kammala kuka gwada sai ya karɓi kasonsa.