Gattas ya ƙone cikin wata uku: laifin inji ne ko na wanda ya saka?

Sabon Hannu, Sinnar ta Sudan: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mu da muka shigo sana'ar rijiyar burtsatse kwanan nan muna yawan ganin abu ɗaya: a saka wa gida famfon nutso, wanda mutanen nan ke kira gattas, sabo fil, kafin wata uku ya ƙone, mai gida ya ce mai shago ya sayar masa da jabu. Don Allah ku warware mana yadda tsarin yake tun daga ƙasan rijiya har bakin famfo, da inda ake yin kuskure.

Usta na Mai Wurno: Wa alaikumus salam ƙanena. Yawancin gattas ɗin da ake ciro mana a ƙone, ƙishirwa ce ta kashe shi. An sa inji mai jan ruwa fiye da abin da rijiya ke bayarwa, ruwa ya sauka ƙasa da bakinsa, ya yi ta juyawa a bushe. Ruwan da yake turawa shi ne ke sanyaya motarsa, in babu ruwa sai zafi.

Saboda haka kafin a yi zancen inji, a auna abu uku. Na farko inda ruwa ke tsayawa in rijiya ta huta, a auna da safe kafin kowa ya ja. Na biyu inda yake sauka ya tsaya in ana ja ba ƙaƙƙautawa, kuma awa ɗaya ba gwaji ba ce, a ba shi awa 6 zuwa 8, in da hali yini da kwana. Na uku yawan ruwan. Ganga mai lita 200 da agogo sun isa: in ta cika a minti 4, lita 50 ke nan a minti, 3,000 a awa. Kada a zaɓi injin da zai kwashe duka, a bar wa rijiya kamar kashi ɗaya cikin uku, domin bazara na zuwa.

Ga lissafi. A ce ruwa na tsayawa a mita 55 lokacin ja, tanki yana mita 10 sama da ƙasa, gogayyar ruwa cikin bututu da gwiwoyi ta ci mita 5. Jimla mita 70. In bayan an bar wa rijiya kasonta lita 3,000 za a ja a awa zuwa mita 70, injin kilowat 1.1 ne, wato doki ɗaya da rabi. Amma kada ka tsaya ga doki. Injuna biyu masu doki ɗaya da rabi, wani na ruwa mai yawa ne a kusa, wani na ruwa kaɗan ne daga zurfi. Takardar kamfani tana da jadawalin tsawo da yawan ruwa, nan ake dubawa.

Mai Shago, Kasala: Usta ya gama magana. Mu masu sayarwa ma da namu. Mutum zai shigo ya ce rijiyata mita 80 ce, ba ni doki uku. Zurfin rami ba shi ne zurfin ruwa ba. In bai zo da awon nan uku ba, gara a tura shi wajen wanda ya haƙa masa ya karɓo takardar rijiyar, wadda ke nuna faɗin kesin, wato babban bututun da ke riƙe bangon rami, da inda aka sa rariya, wato sashen kesin mai tsaga-tsaga da ruwa ke shigowa ta cikinsa.

A nan Kasala kuma a tambayi watan da aka yi awon. Rijiyoyinmu daga kogin Gash suke sha, shi kuwa daga Yuli zuwa Satumba yake gudu. Awon Oktoba zai nuna ruwa a sama, zuwa Mayu ya yi ƙasa sosai. Wanda ya rataye inji bisa awon kaka, a tsakiyar zafi zai ji bututu yana tofar da iska.

Mahaƙi, Gadarif: Ƙasar Gadarif daban take, a kula. Sama baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, ƙasa kuma baƙin dutse, ruwan yana cikin tsagoginsa. Sai da guduma mai aiki da iska ake huda shi, kuma rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya, wata ta ba da ruwa wata ta tashi fayau. Irin wannan rijiya ba ta son gaggawa. Ƙaramin inji da babban tanki, a ja a hankali tsawon yini.

Lakar nan tana fasa daɓen bakin rijiya. Shi ya sa ake cike tsakanin kesin da bangon rami da siminti daga sama zuwa aƙalla mita 3 zuwa 6, a bar kesin ya ɗago kamar rabin mita sama da daɓe, a rufe shi da murfi. In ba haka ba ruwan sama ya kwaso kashin dabbobi ya bi gefen kesin ya gangara. Masai kuma ya yi nisan mita 30 aƙalla, kuma kada ya kasance ta sama da rijiya a gangare.

Inda ƙasa yashi ce, kamar gefen kogi wajen su Usta, ciwon yashi ne. Tsakuwar da ake zubawa kewaye da rariya ta zama wankakkiya mai girma ɗaya, ta fi tsagar rariya girma. Bayan haƙa a busa rijiya da kwamfuresa har ruwa ya fito garau. Ka tari ruwa a farin bokiti ka bar shi minti 10, ka shafa gindin da yatsa. In ka ji ɓarɓashi, wannan yashin zai cinye fukafukan inji kamar sanfefa.

Usta na Mai Wurno: Na manta wurin rataya. Inji ya zauna mita 3 zuwa 5 ƙasa da inda ruwa ke sauka, sama da rariya, kuma nesa da gindin rijiya inda laka ke taruwa. In dole ya shiga cikin rariya ko ƙasa da ita, a sa masa riga ta bututu mai buɗaɗɗen gindi, ruwa ya bi jikin mota kafin ya shiga. Igiyar tsaro daban, kada waya ta ɗauki nauyi, a ɗaure wayar da bututu kowace mita 3.

Mai Lantarki, Damazin: Baba Usta, a ba ni dama in ƙara ta fuskar wuta, don rabin sauran gawarwakin namu ne. Motar kilowat 1.1 a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 8. Wayar milimita 1.5 mai tsawon mita 100 za ta zubar da kusan bolt 19 a hanya, ta 2.5 kusan 11, ta 4 kusan 7. Ga wutar gari da ma a raunane take zuwa. Ƙarancin bolt yana sa mota ta ƙara jan amfiya ta yi zafi. Kuma a kankare wayar da wuƙa kafin a biya, in cikinta ya yi fari, alminiyam ne aka shafa wa tagulla.

Mahaɗar waya da ke cikin ruwa ba wurin salatif ba ce. A matse da ƙarfen haɗi, a rufe da roba mai tsukewa da zafi ko ruwan ƙaro, a gwada da mega, na'urar da ke nuna ko wuta na yoyo ta jikin robar waya, kafin a saukar da kuma bayan an saukar. Injin da ke aiki da wuta mai layi uku in ya ba da ruwa kaɗan, a sauya waya biyu, wataƙila baya yake juyawa. Janareta kuma ya ninka ƙarfin mota sau 3, saboda a tashin farko tana jan amfiya ninki 5 ko fiye. Abin da ba na yafe wa kowa shi ne rashin saka na'urar da ke kashe inji in ruwa ya ƙare. Kuɗinta bai kai na ciro inji sau ɗaya ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a 2023 wuta da gas suka yi wuya, kowa ya koma sola, sai ga sabon kuskure. Ana lissafa wat a manta da bolt. Allo 3 masu wat 550 sun ishi motar 1.1 ta fuskar wat, amma kowanne bolt 41 ko kusa yake bayarwa, inbata, mai mayar da wutar sola irin ta gari, mai fitar da bolt 220 kuwa tana neman sama da 300. Ko dai a jera ƙananan alluna da yawa, ko a sayi gattas mai akwatinsa da aka yi don ƙaramin bolt. Alluna su fuskanci kudu, karkata kamar digiri 15, a goge su bayan kowace guguwar ƙura.

Sabon Hannu, Sinnar: Allah ya saka. To gidan da inji ke tashi yana mutuwa kowane minti fa?

Mai Lantarki, Damazin: Wannan matsalar tulun matsi ce, ƙanena, wato tulun da ke riƙe ƙarfin ruwa a bututun gida. Cikinsa akwai balan-balan ta roba da iska. Kashe wuta, zubar da ruwan, auna iskar da ma'aunin taya. Da bar ake auna matsi: in makunni yana tayar da inji a bar 2, iskar ta zama 1.8. In ka danna bakin da ake hura iska sai ruwa ya fito, robar ta fashe. In tulun lafiya yake amma allurar ma'aunin matsi na sauka ba wanda ya buɗe famfo, bawul mai hana ruwa komawa ne ke yoyo, ko bututu ya tsage a cikin rijiya. Ni dai a garuruwanmu na fi son tankin sama da makunni mai iyo, wanda ke kashe inji in tanki ya cika. Kowace mita 10 ta tsawo bar ɗaya ce, kuma ko wuta ta ɗauke akwai ruwa.

Hajiya mai gwajin ruwa, Wad Madani: 'Ya'yana, kada a miƙa rijiya ba a wanke ta ba. Kesin inci 6 yana ɗaukar kusan lita 18 a kowace mita, mita 30 na ruwa lita 540 ke nan. Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65, giram 80 zuwa 85 ya isa. A narkar a bokiti, a zuba, a juya ruwan ya koma cikin rijiya, a bar shi awa 12 zuwa 24, sannan a ja a zubar har wari ya tafi. A maimaita duk lokacin da aka ciro inji, tunda bututun ya kwanta a ƙasa.

A kai ruwa gwaji kuma. Ƙaramar na'urar aljihu tana nuna gishiri, sama da miligiram 1,000 a lita ba ya daɗin sha, amma ba ta ganin ƙwayoyin cuta, ba ta bambance naitiret, wani sinadari mai cutarwa in ya yi yawa a ruwan sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma jarirai yake kamawa. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta a karɓo ta daga ɗakin gwaji, a sa ta a ƙanƙara, ta isa a ranar.