Neman shawara: za mu je Suwizalan a watan Afrilu, ko mun yi kuskuren zaɓen lokaci?

Mai neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa zuwa ƙasar duwatsu a ƙarshen hunturu. Hutun da aka ba ni a wurin aiki kwana tara ne, ya faɗo a mako na biyu na Afrilu, kuma ba zai ɗagu ba. Mun daɗe muna burin ganin duwatsun Alps na Suwizalan ni da mai ɗakina, kuma za mu tafi da mahaifiyata. Shekarunta 67, tana da hawan jini amma tana shan magani, tana iya tafiyar ƙafa in dai ba hawa mai tsanani ba ne.

Tsarina shi ne in yi hayar mota, mu kama ɗaki a wani ƙaramin ƙauye can saman dutse, mu bi hanyoyin nan masu lanƙwasa da muke gani a hoto, mu kuma ɗan taka cikin tsaunuka. Sai wani abokin aikina ya sare min gwiwa, ya ce wannan mataccen lokaci ne, dusar ƙanƙara ta fara narkewa, ciyawa ba ta yi kore ba, komai a rufe. Amma kuma na ga kuɗin ɗaki ya sauka. Ban biya komai ba tukuna. Mu je, ko mu haƙura?

Wani ɗan'uwa mazaunin ƙasar

Wa alaikumus salam Malam. Ku zo, amma ka sauya tsarin. Abokin naka ya faɗi rabin gaskiya ne.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, a ƙasar duwatsu tsayin wuri ne ke yanke yanayi, ba sunan wata ba. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri shida da rabi. Luzern tana bakin tafki a tsayin mita 435 ko kusa da haka, tashar jirgin ƙasa ta Jungfraujoch da ke can saman dutse kuma tana mita 3,454. Ka ga tazarar ta kai mita dubu uku, wato bambancin kusan digiri ashirin a rana ɗaya, a safiya ɗaya. Don haka a Afrilu ƙasar ta kasu uku. A ƙasa, bakin tafkuna, itatuwa sun fara fure, ana zama waje a sha hantsi. Can ƙololuwa hunturu ne sosai, fari fat, kamar watan Janairu. Tsakiyar ce matsala, wato ƙauyukan da ke tsakanin mita 1,200 zuwa 1,800 ko makamancin haka. Nan ne dusar ke narkewa ta bar taɓo da busasshiyar ciyawa, kuma nan ne kai kake shirin kwana.

Waɗannan ƙauyukan kasuwarsu biyu ce a shekara: masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da hunturu, sai masu yawon ƙafa daga Yuni. Da zarar an rufe filayen zamiya, yawanci bayan bikin Ista na Kiristoci, otal-otal da gidajen abinci da dama kan rufe na wasu makonni, masu su su huta ko su yi gyara. A daidai wannan lokacin ne kuma ake tsayar da motocin igiya masu hawa dutse don a duba lafiyarsu. Shi ya sa ka ga ɗaki ya yi sauƙi.

Shawarata, ku sauka a gari na ƙasa mai tashar jirgi, irin su Luzern ko Interlaken, ku mai da shi sansani. Ranar da sama ta washe ku hau, ranar da ta haɗe ku yi yawon gari da tafki. Wuraren da ke aiki duk shekara suna nan. Jirgin Jungfraujoch da aka buɗe a 1912 yana hawa kowane wata. Na Gornergrat daga Zermatt ma haka, yana kai mutum mita 3,089, dutsen Matterhorn na tsaye a gabanka. Na dutsen Rigi, wanda ya fara aiki daga Vitznau tun 1871, shi ma ba ya jiran rani. Amma jirgin nan mai haƙoran kama dogo na dutsen Pilatus daga Alpnachstad sai wajen Mayu yake farawa, na Schynige Platte da na Brienz Rothorn kuwa sai Yuni. In ka sa su a lissafi ka cire.

Sannan ka duba kalanda. Ista ba ta da tsayayyar rana, tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. In ta faɗo cikin kwanakinku, to ba lokacin ƙarancin baƙi kuka zo ba, za ku tarar da cunkoso da tsada.

Wata 'yar'uwa da ta je a Afrilu

Wallahi abin da ɗan'uwan nan ya faɗa game da ƙauyukan tsakiya ni ya faru da ni. Mun kama ɗaki a wani ƙauye saboda hotonsa ya burge mu kuma kuɗin bai yi yawa ba. Muka isa ranar Lahadi da yamma, shaguna a rufe, gidajen abinci duk da takarda manne a ƙofa sai wata mai zuwa, motar igiyar da muka zo dominta ana gyara. Kwana biyu muka yi hazo ya rufe mu, ko dutsen da ke gaban tagarmu ba mu gani ba. Na ji takaici sosai, don na shekara ina tanadin tafiyar.

Amma kada ka ɗauka na yi nadama. Da muka sauko kwarin Lauterbrunnen sai na ga abin da masu zuwa da rani ba sa samu yadda muka same shi. Ruwan Staubbach na zubowa daga tsayin kusan mita 300, sama fari, ƙasa ta fara kore, kuma babu turereniya. Mun zauna a benci fiye da awa guda, ba wanda ya tsaya a gabanmu yana ɗaukar hoto. Hanyar kwarin shimfiɗaɗɗiya ce, Mama za ta taka ta ba wahala.

Abu ɗaya da na koya: kada ka sayi tikitin hawa ƙololuwa tun daga gida. Duwatsun nan duk suna da kyamara da ke nuna halin da ake ciki kai tsaye a intanet. Ka tashi da safe ka duba, ka haɗa da manhajar hasashen yanayi ta MeteoSwiss, sannan ka biya. Tikitin Jungfraujoch ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma in gajimare ya rufe, farin bango kawai za ka kalla. A wannan lokaci ba a cika rasa wurin zama ba, to me zai sa ka ɗaure kanka da rana ɗaya? Kuma ka yi cefane tun Asabar, don ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, in ban da irin na manyan tashoshin jirgi.

Wani mamba

Malam ni kan batun mota zan tsaya. Hanyoyin da kake gani a hoto, irin su Furka da Grimsel da Susten da ta saman Gotthard, duk a rufe suke a Afrilu. Dusar ƙanƙara ce ta binne su, sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni ake buɗewa. Abin da zai rage maka shi ne ramukan da aka haƙa ta ƙarƙashin dutse, kamar na Gotthard mai tsawon kusan kilomita 17, ko ka ɗora motar a kan jirgin ƙasa daga Kandersteg zuwa Goppenstein. Wato ka biya kuɗin haya don ka yi tuƙi cikin duhu. Akwai 'yan hanyoyi da ake sharewa duk shekara, kamar Simplon da Julier, amma su ma dusa na iya sauka dare ɗaya, kuma in ba ka taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, ba da Mama a baya za ka koya ba. Zermatt da Wengen da Mürren ma ba a shiga da mota ko kaɗan.

Ku hau jirgin ƙasa. Ka zauna ka lissafa tsakanin Swiss Travel Pass, wato tikitin da ke ba ka damar hawa jiragen ƙasa iya son ranka na wasu kwanaki, da katin da ke rage maka rabin kuɗin tikiti, ka ga wanda ya fi dacewa da yawan zirga-zirgarku, ka kuma lura cewa jiragen hawa ƙololuwa da yawa ragi kawai suke bayarwa, ba kyauta ba.

Wani dattijo a zauren

Ni dai ɗana, da hutun zai ɗagu da na ce ka bari sai Yuni ko Satumba. Kada sauƙin ɗaki ya ruɗe ka, araha ba ta ado. Kuɗin jirgin ƙasa da na abinci ba sa sauka don baƙi sun ragu, ƙasar mai tsada ce kowane wata. In abin da ke ranka koren tsauni ne da furanni da yawon ƙafa a sama, ba za ka same shi a Afrilu ba, gara ka san haka tun yanzu.

Tunda ka ce ba ya ɗaguwa, to ka ware kwana biyu ko uku na kudancin ƙasar, yankin Ticino inda ake jin Italiyanci. Lugano da Locarno sun fi arewa ɗumi, furanni kan riga fitowa a can. Jirgi zai ratsa da ku ta ramin jirgin ƙasa na Gotthard mai kilomita 57 da aka buɗe a 2016, kuma sau da yawa sai ka shiga ana ruwa ka fito rana na haskawa, don duwatsun ne ke raba yanayin. In akwai ƙarfi, jirgin Bernina daga Chur zuwa Tirano da ke Italiya zai nuna wa mahaifiyarka hunturu da ɗumi a yini ɗaya tana zaune bakin taga. Yana hawa har mita 2,253 kafin ya gangaro.

Wata ma'aikaciyar lafiya

Yaya, batun Mama ne ya tsaya min a rai. A tsayin Jungfraujoch iskar da mutum ke shaƙa kusan kashi biyu cikin uku ce ta wadda yake samu a bakin teku, kuma jirgi na kai mutum can cikin ɗan lokaci, jiki bai saba ba. Daga mita 2,500 ne aka fi fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya da haki. Masu hawan jini da yawa suna hawa lafiya, amma likitanta ne zai yanke hukunci, ba mu ba. Ku je ku gan shi kafin tafiya, ku faɗa masa tsayin da lamba. Kada ku hau a rana ta farko. Ku fara da Rigi da bai kai mita 1,800 ba, ku ga yadda jikinta ya karɓa. In kun hau can sama ta taka a hankali, ta sha ruwa, in ta ce ƙirjinta ya yi nauyi ko numfashi ya gagara ku sauko nan take, kada ku ce bari a ƙarasa kallo tunda an biya. Magungunanta su kasance a jakar hannu, da ƙari na 'yan kwanaki.

Kuma ku sayi baƙin tabarau mai tare hasken rana, ku duka ukun. Rana a Afrilu tana da ƙarfi, farar dusa kuma tana mayar da hasken cikin ido, yana iya ƙona shi a kwana ana hawaye. Sutura ku sa hawa-hawa yadda za ku iya cirewa, da takalmi mai riƙe ƙasa saboda santsi.

Wani mamba

Kada a manta da biza. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Schengen, ƙasashen da ake shiga da biza ɗaya, tun 2008, kuma mai neman bizar sai ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ka karanta takardar da kyau ka ga ko ta haɗa da ceto a dutse da kuma ciwon da Mama ke da shi tun da. Kuɗin ƙasar faran ne, ba yuro ba.

Mai neman shawara

Allah ya saka muku da alheri, kun buɗe min ido. Na fasa motar, na fasa ƙauyen. Na duba kalanda, Ista ba ta taɓa kwanakinmu ba. Za mu yi kwana huɗu a Interlaken, biyu a Luzern, sauran a Lugano, kuma za mu ga likitan Mama makon nan. Tambaya ɗaya ta rage: ni kaɗai, in na bar su a gari, zan iya ɗan hawa da ƙafa ko na yini ɗaya? Raina na son wannan ƙwarai.

Ɗan'uwa mazaunin ƙasar

Za ka iya, amma ka bi launin alama. Hanyar da ke da alama ruwan ɗorawa zalla, a ƙasa kusa da tafki ko cikin kwari, taka ce. Mai ratsin fari da ja da fari hanyar dutse ce, a Afrilu yawancinsu suna ƙarƙashin dusa ko da farkonsu ya yi maka kama da busasshe, musamman gefen da rana ba ta duka. Mai fari da shuɗi kada ma ka kalle ta. In kana son taka dusa, ka nemi alama ruwan hoda, ita ce hanyar hunturu da ake gyarawa, ka tambayi ofishin baƙi na garin ko har yanzu a buɗe take.

Haɗarin wannan lokaci shi ne zaftarewar jiƙaƙƙiyar dusa. Da safe tana daskare, in rana ta ɗaga sai ta yi laushi ta yi nauyi ta zamo, kuma tana iya gangarowa har kan hanyar da babu dusa a kanta. Don haka ka fita da sassafe ka dawo kafin azahar. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos na fitar da rahoton haɗarin kullum a mataki biyar, kana iya ganinsa a manhajar White Risk. In ka tarar an gitta igiya ko allo an rufe hanya, ka juya, ko da ka ga sawun wasu ya wuce. Ka faɗa wa madam hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka, ka kuma ajiye lambobi biyu a waya: 112 ta kiran gaggawa, da 1414 na jirgin ceto mai saukar ungulu. Daga Interlaken akwai hanyoyi a gefen tafkin Thun da na Brienz da za su cinye maka yini guda, duwatsun na gabanka duk tsawon tafiyar.