Kuɗin da ya rage: littafi ko ƙasida?

Ma'aji: Salamu alaikum. Abin da ya rage a asusun ƙungiyarmu ta tallafa wa yara ba zai ɗauki biyu ba. Ko littattafan koyon aikin jin daɗin jama'a, ko ƙasidun manufofinmu. Hajiya ta ce littafi ɓarnar kuɗi ne. Bismillah.

Hajiya: Na faɗa, kuma ban janye ba. Yawancinsu a Amurka da Ingila aka rubuta su, inda hukuma ke ɗauke yaro ta kai shi riƙo gidan bare. Mu a unguwar Gangare ta Jos kawu da gwaggo da mai unguwa ke wannan aikin. Mai ba da tallafi kuma ƙasida yake karantawa.

Malam: Ranki ya daɗe, ai kin faɗi da wa ƙasida ke magana: mai kuɗi. Yarinya ta zauna gabanki ta ƙi buɗe baki, wace tambaya za a fara? Me za a rubuta a fayil, wa zai gani? "Inganta rayuwar marasa galihu" ba ta amsa ko ɗaya.

Sakatariya: Inda na yi aiki a baya, mun buga hoton wata mai tallan gyaɗa a kasuwar Taminus, da faranti a ka, ƙasansa an rubuta marainiya. Kwana kaɗan 'yan layinsu suka gane ta. Kakarta ta zo ofis mayafi a hannu, ta ce sun zama abin nuni, ta janye yarinyar daga ajinmu. Babin riƙe sirri na littafin da muka raina ya hana wannan ƙarara. Har yau ina jin kunyar tsohuwar nan.

Hajiya: Allah sarki. Amma ƙanwata, wannan rashin hankali ne, ba rashin littafi ba.

Sakatariya: Hajiya, mu shida muka duba hoton, duk muka ce ya yi kyau.

Auta: Iyayena, a yi haƙuri in sa baki. Mu nawa muka karanta Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, ko dokar hana cin zarafin mutane ta 2015? Suna intanet kyauta, kuma ba Bature aka rubuta wa ba.

Malam: Doka ta ce ga haƙƙin yaro, ba ta koya maka zama da shi.

Hajiya: In tallafi ya yanke kuma, littafin za mu dafa wa yaran?

Ma'aji: Mai buga takardu na jiran amsa ranar Asabar. A ɗaga hannu.