Muhawara: Shin tsarin tilo ya dace da manhajar bayar da rasit?

Malam Lawali: Assalamu alaikum. Jiya na duba manhajar da Sanusi yake rubuta wa wani attajirin wake da gero a nan Maraɗi, kuma da izininsa nake kawo maganar gabanku. Ya gina sashen da ke bayar da lambar rasit a kan tsarin singilton, wanda muka saba kira tilo, wato aji (zanen da ake ƙera abubuwan manhaja a kansa) wanda ba a iya ƙera abu fiye da ɗaya daga cikinsa. Ra'ayina shi ne tilo ma'ajin kowa-da-kowa ne da aka sa wa babbar riga, kuma bai kamata a bar shi cikin manhajar da za a daɗe ana gyarawa ba.

Sanusi: Wa alaikumus salam, Malam. Da girmamawa, ban yarda ba. Buƙatar Alhaji ita ce kada rasit biyu su taɓa ɗaukar lamba ɗaya, domin yawancin masu sari suna ɗaukar buhuna ne bashi, kuma da lambar ake bin kowa in lokacin biya ya yi. Saboda haka na rufe maginin ajin, wato sashen da ke ƙera sabon abu, da kalmar private don kada a kira shi daga waje, na ajiye abin guda ɗaya a gurbin static, wanda na ajin ne gaba ɗaya, na bar aikin getInstance ya zama ƙofa ɗaya tak da ake samunsa. Wannan ba dabarata ba ce. Tana cikin salo 23 da Erich Gamma, Richard Helm, Ralph Johnson da John Vlissides suka tsara a littafinsu na 1994, kuma harshen Java kansa yana amfani da ita, domin duk wanda ya kira Runtime.getRuntime abu ɗaya ake miƙa masa.

Hadiza: Sanusi, ni ce na rubuta gwaje-gwajen manhajar, don haka ni na ɗanɗana kuɗar tilon naka. Gwaji na farko yana fitar da rasit uku, sai na biyu, wanda yake tsammanin lamba 1, ya tarar da lamba 4, saboda abin bai mutu ba tsakanin gwaji da gwaji. In na sauya jerin gwaje-gwajen, wanda ya wuce ɗazu sai ya faɗi. Abin da ya fi damuna shi ne in ka karanta layin farko na aikin da ke lissafin kuɗin buhu, babu alamar da ke nuna yana taɓa lambar rasit, sai ka shiga cikinsa layi-layi kafin ka ga ya kira getInstance a ɓoye.

Malam Lawali: Tunda ka kafa hujja da littafin, to ka sani Gamma da kansa, a wata hira da aka yi da uku daga cikin marubutan a 2009, ya ce shi yana goyon bayan a cire tilo daga jerin, domin kusan duk inda aka gan shi alama ce ta ƙirar da ke da matsala.

Injiniya Mamman: Malam, ku yi haƙuri, sunan marubuci ba ya raba gardama, ko a ɓangarenku ko a ɓangaren Sanusi. Ni tambayata a kan yadda aka gina abin take. Salon da ake fara koya wa ɗalibai yana duba ko gurbin fanko ne, in fanko ne ya ƙera abin. To in zare biyu na manhajar, wato layukan aiki biyu da ke gudana lokaci guda, suka iso a tare, kowanne zai ga fanko, kowanne ya ƙera nasa, tilo ya tashi da tagwaye. Masu wayo suka ƙirƙiro duba sau biyu, ɗaya kafin kullen da ke barin zare ɗaya kaɗai ya shiga, ɗaya bayansa, amma a Java wannan dabara ba ta da tabbas sai da aka gyara ƙa'idojin ƙwaƙwalwar harshen a Java 5, shekarar 2004, kuma har yanzu sai an sa wa gurbin kalmar volatile, in ba haka ba wani zare yana iya karɓar abin da ba a gama ginawa ba. Akwai hanyar ƙaramin aji na ciki da ake danganta wa Bill Pugh na Jami'ar Maryland a Amurka, wadda ke barin injin Java ya ƙera abin sau ɗaya lokacin da aka fara nemansa. Akwai kuma enum, wato aji mai ƙayyadaddun mambobi, a yi shi da mamba ɗaya, da Joshua Bloch ya ba da shawara a kai, wanda ko an adana shi a fayil an sake karantowa ba ya zama biyu. Wacce ka bi, ƙanena?

Sanusi: Na sa synchronized, kalmar kulle ta Java, a kan getInstance gaba ɗaya, Yaya. An ce yana rage sauri, amma a shagon da ba ya fitar da rasit fiye da ɗari biyu a ranar kasuwa, ba wanda zai ji bambanci.

Injiniya Mamman: A kan sauri ka yi gaskiya. Sai dai kullen nan haihuwar abin kaɗai yake tsarewa. Ƙara ɗaya a kan lamba mataki uku ne, a karanta, a ƙara, a rubuta, kuma zare biyu suna iya karanta 57 a tare, kowanne ya bayar da 58. Ko ka kulle wannan aikin ma, ko ka riƙe lambar da AtomicLong, wanda ke yin matakan uku a matsayin ɗaya.

Rakiya: Mu masu rubuta manhaja da harshen Python wannan dogon bayani bai cika shafarmu ba, domin fayil ɗin da aka shigo da shi sau ɗaya ake gudanar da shi, daga nan a ajiye shi a sys.modules, duk wanda ya sake nema a ba shi na ajiye. A harshen Kotlin ma kalmar object kaɗai ta wadatar. Amma sauƙin rubutawa bai amsa koken Hadiza ba.

Hadiza: Akwai abin da ya fi gwaji girma, kuma ina ganin a nan ne maganar take. Sanusi ya yi wa Alhaji alƙawarin lamba ɗaya a duk kasuwancinsa, alhali tilo yana tabbatar da abu ɗaya ne a cikin injin Java guda da ke gudana a kwamfuta guda. Alhaji ya riga ya ce yana son kwamfuta ta biyu a bakin sito, kuma yana da rumfa a Tasawa. Ranar da aka kunna ta biyun, kowace tana da tilonta, kowace ta fara ƙirga nata. Ko a kwamfuta ɗaya ma, wanda ya buɗe manhajar sau biyu ya samu tilo biyu. Sannan lambar tana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ɗaukewar wuta ke sharewa, kuma dukanmu mun san yadda wuta take a watan Afrilu. Rumbun bayanai ne ya kamata ya bayar da lambar, ko da sequence na rumbun PostgreSQL, ko da AUTO_INCREMENT na rumbun MySQL, waɗanda ke ƙirga lamba da kansu.

Sanusi: Maganar wuta na karɓa, zan riƙa rubuta lambar a faifai kafin a buga rasit. Rumbun bayanai guda kuwa yana nufin in intanet ya yanke tsakanin Maraɗi da Tasawa, sai yaron rumfa ya naɗe hannu, masu amalanke suna jira a rana. Ban da haka, sequence yana tsallake lamba in an soke ciniki a tsakiya, kuma Alhaji mutum ne da in ya ga 104 ta biyo bayan 102, zai ce an ɓoye masa rasit.

Injiniya Mamman: To a ba kowace kwamfuta harafinta, ta kanti K, ta sito S, ta Tasawa T, kowace ta ƙirga nata, a haɗa bayanai da dare. Ku lura, Malam, da wannan tsari mai ƙirga ɗaya ake buƙata a kowace kwamfuta, wanda shi ne daidai abin da tilo yake iya bayarwa. Kun kore shi ta ƙofa, ya dawo ta taga.

Malam Lawali: Na yarda da rabin maganarka, Injiniya, kuma zan rage da'awata. Littafin ya ɗora wa tilo aiki biyu, tabbatar da abu ɗaya, da buɗe masa ƙofa ga kowane sashe na manhaja. Na farkon ba ni da ja a kansa. Na biyun ne ya wahalar da Hadiza. Sanusi yana iya ƙera mai ƙirgar sau ɗaya a cikin main, inda manhajar ke farawa, ya miƙa shi ta magini ga sassa biyu ko uku da ke buƙatarsa. Abin yana nan guda ɗaya, wanda ya karanta aji zai ga da me ya dogara, Hadiza kuma ta ƙera sabo a kowane gwaji. Haka Spring, wani tsarin gina manhaja a Java, yake yi, abu ɗaya a kowace ma'ajiyarsa in ba a ce akasin haka ba.

Sanusi: Malam, Spring ɗin ma singilton yake kiran wannan yanayi. Kuma in na buɗe magini, me zai hana wanda zai gaje ni a aikin ya ƙera na biyu bisa kuskure? Kalmar private tana hana shi tun kafin manhajar ta tashi, shawararku kuwa ta dogara ne ga ya karanta bayanin da na bari.

Hadiza: Kana iya barin maginin a buɗe ga kunshinsa kaɗai, wato rukunin azuzuwan da yake ciki, ka sa ajin da ke haɗa sassan da gwaje-gwajen a cikin kunshin, na waje ba zai iya taɓawa ba.

Sanusi: Wannan ban gwada ba. Zan yi wa manhajar reshe biyu a daren nan, ɗaya da enum, ɗaya da miƙawa ta magini, dukansu da harafin kwamfuta da rubutu a faifai. Hadiza, ki turo mini gwaje-gwajen da suka faɗi, kuma ki ƙara wanda zai saki zare goma a kan mai ƙirgar lokaci guda. Yaya Mamman, ranar Asabar ina so ku zo shagon mu zare wayar wuta ana tsakiyar buga rasit, mu ga lambar da za ta fito bayan an kunna.