Harajin tirela a Amurka (fom 2290): me zan kiyaye kafin in tura?

Sadiq_Kubwa:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah ina neman wanda ya san harkar. Kawuna yana Texas yana jan tirela, bana ya samu tasa ta kansa, tun da ni akanta na karanta kuma ina zaune nan Abuja ba wani aiki sosai sai ya ce in riƙa kula masa da takardu ta intanet. Yanzu ya ce akwai wani fom 2290 da za a cike wa IRS, hukumar harajin Amurka, kafin a sabunta masa rajistar mota, ya turo min hoton takardun a WhatsApp wasu ma ba sa fitowa da kyau. Motar ta fara aiki a Nuwamba. Ba na so in jawo masa matsala motar ta zauna, da ita yake ciyar da gida biyu, can da nan.

Baban Khalifa, Gwarinpa:
Wa alaikumus salam Sadiq. Na yi wa wani ɗan uwana irin wannan aikin. Harajin manyan motoci ne, duk motar da nauyinta da kaya ya kai fam 55,000, wajen tan 25 kenan, tana biya. Daga dala 100 yake farawa, ana ƙara dala 22 kan kowane fam 1,000, in ta haura 75,000 to dala 550 ne shi ne ƙarshe. Shekarar harajin daga 1 ga Yuli take zuwa 30 ga Yuni, mai mota a hanya tun Yuli zai biya kafin ƙarshen Agusta, amma ku da kuka fara a Nuwamba wa'adinku 31 ga Disamba ne kuma kuɗin wata takwas za ku biya ba na shekara ba. A nan mutane ke ruɗewa, suna ɗauka ranar da rajista za ta ƙare ake bi, alhali watan da mota ta fara hawa titi ake dubawa. Nauyin kuma ba na kan motar kaɗai ba ne, ka haɗa da bodi da iyakar kayan da ta saba ɗauka.

Hajiya Ummi:
Ɗana, ni dai abu ɗaya zan roƙe ka, kar ka kwafi lambar shasi daga hoton da bai fito ba. Ka sa kawun naka ya je jikin motar ya karanto maka ɗaya bayan ɗaya, sannan ka gwada da ta takardar mallaka. Guda 17 ce, kuma babu harafin I ko O ko Q a ciki, in ka ga abu kamar O to sifili ne, 5 da S ma suna yaudara, haka 8 da B. Abin da ake nema daga duk wahalar nan shi ne takardar da ke haɗe da fom ɗin da ake kira Schedule 1, mai tambarin IRS, ita ofishin rajista na jiha ke karɓa a matsayin shaidar biya, to in harafi ɗaya ya saɓa da na motar ba za su karɓa ba ko da kuɗin ya shiga. Ana iya gyarawa, akwai wurin da ake yi wa alama a fom ɗin don gyaran lamba, amma kafin nan mota tana ajiye, inshora na tafiya, bashin banki na tafiya. Motocin maigidana a nan suke aiki ba can ba, amma na ga yadda lambar shasi ɗaya da ta bambanta da takardar kwastam ta tsayar da sabunta takardu, abin ba daɗi wallahi.

Sadiq_Kubwa:
Na gode Hajiya, Allah ya saka. Baban Khalifa, wurin lambar haraji fa, ya ba ni lambarsa ta soshiyal (Social Security, lambar shaidarsa ta can), ita zan sa?

Baban Khalifa, Gwarinpa:
A'a kar ka soma. Wannan fom ɗin EIN kawai yake karɓa, lambar harajin kasuwanci, ko da mutum shi kaɗai ne da mota ɗaya. In bai da ita ya nema yau yau, don sabuwa tana ɗaukar kamar sati huɗu kafin na'urarsu ta gane ta, ka ga Disamba ba nisa. Sunan da za ka rubuta kuma ya zama daidai da wanda aka yi EIN ɗin da shi, in kamfani ne sunan kamfani, ba sunan da muke kiransa a gida ba. Ka tura ta intanet ta hannun kamfanonin da IRS ta amince da su, takardar kan dawo cikin mintoci, ta gidan waya kuwa sai a yi makonni.

Danjuma_Terminus:
Ƙari kaɗan daga Jos. Ka tambaye shi ko sabuwa ce ko ta hannu, don in ta hannu ce kuma mai ita na da ya riga ya biya na bana lissafin watannin yana canzawa. Akwai kuma rangwamen motar da ba ta wuce mil 5,000 a shekara, 7,500 in ta gona ce, ita ba a biya amma dole a cike fom ɗin. Kawunka dai mai dogon zango ne, kar wani ya ce maka ka zaɓi wannan don a tsira da kuɗi, wata ɗaya ma zai iya cinye mil ɗin, sai a dawo ana biyan harajin.

Sadiq_Kubwa:
Ta hannu ce amma a wurin dila ya saya. EIN ɗin ma ashe yana da ita tun da ya buɗe kamfani. Ya ce gobe da safe lokacinsu zai kira ni ta bidiyo a gaban motar mu karanta lambar tare.