Jakar makarantar yarona ta zama bola, ku ba ni shawara

Maman Yara, Hotoro

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah iyaye da malaman da ke nan, shawara nake nema a kan babban yarona (na fari ne, ku yi mini uzuri ban kama suna ba). Shekararsa 8, yana aji 3 a firamare. Karatu kam alhamdulillahi, akwai ƙwaƙwalwa. Amma jakarsa, sai dai a ce inna lillahi.

Ranar Asabar na ce bari in wanke ta, na zazzage ta a kan tabarma. Littattafan rubutu 14, uku babu bango. Ledar ruwa guda biyar da ya tsotse ya mayar ciki. Murafen kwalba kusan cikin tafin hannu. Safa ƙafa ɗaya, wadda muka juye ɗaki muna nema tun kafin sallah. Awara a ƙulle a leda, ta yi yauƙi, kiyashi sun yi gari a kanta, man kuma ya bi littafin lissafi har tsakiya. A can ƙasa, a cukuikuye, takardar gayyatar taron iyaye da malamai, taron da aka yi mako biyu da suka wuce. Ni kuwa ina ta cewa makarantar ba ta sanar da mutane komai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, izunsa na Islamiyya ma a nan ciki na same shi, tare da awarar.

Fensir kuma kusan kullum sai an sayi sabo. Jakar nan ita ce ta biyu a bana, a Ƙofar Wambai babansu ya sayo, tuni zif ya ɓalle, an kai wa mai gyaran takalmi sau biyu. Ba wai ba na kula ba ne. Kullum bayan isha ni nake zama in jera masa komai, kafin azahar ta gobe ta koma yadda take. Na yi faɗa, na yi lallashi, babansu ya zare masa ido, duk kamar an shuka dusa. Yaya kuke yi da naku?

Malamin Aji Huɗu, Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya, ya yi albarka. Shekarata 16 ina riƙe da alli, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: amsar tana cikin maganarki, inda kika ce kullum ke kike jera masa. Yaron da ba shi ya sa abu a jaka ba bai san inda yake ba. Na sha tsayawa a kan yaro ina cewa fito da aikin gida, ya rantse bai zo da shi ba, in buɗe jakar in gan shi a aljihun gaba. Ba ƙarya ya yi ba, uwarsa ce ta sa. Da ya tashi nema kuma, sai ya birkice jakar gaba ɗaya, to kin ga inda hargitsin yake farawa tun darasin farko.

Ki zauna kusa da shi, amma hannunki a cinyarki. Ki tambaya kawai: gobe me da me kuke da shi? Shi zai ɗauko, shi zai sa. Kwanakin farko zai ɗau minti 20 yana abin da za ki gama a minti 3, ranki zai ɓaci. Ki daure.

Sai maganar littafi 14. Babu ajin 3 da ake darasi 14 a rana. Ki nemi jadawalin darussa wajen malamin ajinsu, ki kwafe shi da manyan baƙaƙe, ki manna a bango daidai tsayinsa, ki kafa ƙusa a gefen don rataye jakar. Amma kafin nan ki tambaye shi, cikin wasa ba cikin faɗa ba, me ya sa yake kwasar duka. Laifinmu malamai yana nan, ba zan ɓoye ba: wani ba ya bin jadawali, sai ya faɗo aji ranar da ba tasa ba ya ce a fito da littafinsa, wanda bai zo da shi ba ya sha bulala. Yaron da aka taɓa yi wa haka sau ɗaya, har ya gama firamare ba ya sake barin littafi a gida.

Nauyin ma abin dubawa ne. Likitocin yara sukan ce kada jaka ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro. In yaronki kilo 25 ne, jakar ta tsaya tsakanin kilo 2 da rabi zuwa ƙasa da 4. Ki ɗora ta a sikeli ki gani da idonki. Manyan littattafai su jingina da bayansa, kuma ya rataya hannu biyun, ba ɗaya ba kamar yadda suke yayi.

Maman 'Yan Biyu

Anti, na yi dariya har da hawaye da na zo kan safar nan, don ni cokalina na samu a jakar ɗaya daga cikin nawa.

Malam ya yi gaskiya, amma Malam, mai yara biyar da girkin dare ba ta da minti 20 kullum. Ni sau ɗaya nake babban aikin a mako, ranar Alhamis da la'asar, tunda tasu Islamiyyar ba a zuwa Alhamis da Juma'a. Kowa ya zazzage tasa a tsakar gida, ya kakkaɓe, shara ta tafi bola, jakar ta sha iska. Sauran ranakun tambaya ɗaya ce a bakin ƙofa kafin su cire yunifom: an ba ku takarda?

Abinci kada ya sake shiga jaka, ko biskit ne. Ƙaramar kula da gorar ruwa a riƙe a hannu. Jakar Islamiyya kuma ki raba ta da ta boko yau ɗin nan. Ni ƙyallen atamfa na kai wa tela ya ɗinka musu 'yar jakar rataye, Alƙur'ani da littattafan addini kawai take ɗauka, kuma tana da ƙusarta a sama. Shi telan ne ya yanke ƙafar wani tsohon wandon jins ya sa mata zif, ta zama gidan fensir. Shekara biyu ke nan tana aiki.

Fensir kuwa ki daina ba shi dogo. Ki raba biyu, ki ɗan fere gefe ki rubuta harafin farko na sunansa da biro. Da damina littattafan su shiga babbar leda kafin su shiga jaka.

Tsoho Mai Ran Ƙarfe, Damagaram

'Yata, Allah shi yi ma yaro albarka. Mu da muka yi lakol, wato boko, allo ne da alli da kaye (littahin rubutu) guda, a cikin jakar da tsohuwa ta ɗinka da buhu, sai tsoron mushe (malam) da ya cika sauran wurin. Yanzu ina ganin jikokina da kaya kamar masu tahiya Agadas.

Abu guda zan ƙara. Fensir da ke ɓacewa kullum, ba kullum ba ne yake faɗuwa. Jikana haka ya yi ta yi, uwar tana duka, ashe wani babba a ajin ke amshewa. Ki bincika a hankali. Murafen kwalbar kuma kada ki zubar, dukiyarsa ce. Ki ba shi gwangwani ya aje su a gida.

Maman Yara, Hotoro

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya raya mana su baki ɗaya. Na bari sai da aka yi kwana goma kafin in dawo.

Malam, kamar kana wurin. Na tambaye shi muna tsintar wake, sai ya ce tun a aji 2 aka zane shi saboda bai zo da littafin da ba ranarsa ba ce. Wallahi ban taɓa sani ba, jikina ya yi sanyi. Babansu ya je ya ga malamar ajin, ta karɓe shi da mutunci, ta ba da jadawali, ta kuma ce littattafai huɗu da ba a cika taɓawa ba a bar su a kabad ɗin aji. Na kai jakar shagon mai gas ya ɗora mini a sikelinsa: kilo 6 da ɗoriya kafin a rage, yanzu 3 da kaɗan.

Baba, fensirin ba ƙwace ba ne, alhamdulillahi. Ara yake bayarwa, kuma kunyar cewa a dawo masa da shi yake ji. Tun da aka rubuta harafin, fensir ɗaya kawai ya ɓata. Gwangwanin madara na ba shi, murafen sun kai 40, har ƙanensa ya hana taɓawa.

Riƙe hannun ne dai yake ba ni wahala. Shekaranjiya ina kallo ya bar littafin Hausa a kan tabarma ya rufe jaka. Na yi gyaran murya, bai gane ba. Na sake yi, ya ce Umma ko in kawo miki ruwa? Da ya yi barci na tashi na sa masa, Malam a yafe mini wannan. Maman 'Yan Biyu, nawa telan ya karɓa a ta atamfar? Telana ya ce mini sai bayan ya gama ɗinkin biki.